Yadda mutanen unguwa ke neman ƙaramin tallafi su yi wa kansu aiki

Shekara tara ke nan biron ƙungiyar unguwarmu yana hannuna a nan Gombe. Mun rubuta takardar neman tallafi sau bakwai, aka ba mu sau uku, kuma a sauran huɗun na san inda muka yi tuntuɓe. Tallafin da nake nufi ba kwangila ba ce. Kuɗi ne madaidaita da hukuma ko gidauniya ko ofishin jakadanci ke bai wa mazauna wuri don su yi aiki guda ɗaya da hannunsu: kwalbati, gyaran burtsatse, rufin aji biyu, fitilun sola a lungu. Su kawo kaso mai tsoka, ku kawo naku, ku yi aikin, ku kai lissafi. Zan yi misali da magudanar ruwa don ita na fi sani. Wanda ya yi damina ɗaya a Gombe ya san dalili: gari a gangare, ƙasa rairayi, ruwan Agusta in ya tsinko daga tudu ba ya neman iznin kowa.

Abin da za ku tanada

Littafi biyu masu bango mai tauri, ɗaya na rubuta abin da aka tattauna a taro, ɗaya na shige da ficen kuɗi. Kada ku haɗa su wuri ɗaya. Fayil na roba da ruwa ba ya ratsawa. Littafin rasit mai kwafi biyu da hatimin ƙungiya. Tef na awo mai mita 50. In babu, igiya ce ku auna ta a shagon mai sayar da yadi, ku ƙulla ta a kowace mita. Tiyo siriri mai haske irin wanda magina ke cikawa da ruwa su gwada daidaiton ƙasa. Waya mai kamara da ke nuna kwanan wata a jikin hoto.

Sai mutane uku da ba a sayen su a kasuwa: wanda ya iya rubutu kuma ba ya ƙyuyar zuwa ofis, magini ɗan unguwa da zai ji kunyar yi muku ha'inci, da dattijo guda wanda in ya ce a yi shiru ake yi.

1. A zaɓi aikin a bainar jama'a

Ku fara da gidan mai unguwa, ko jauro in haka ake kiransa a wajenku. Kada ku je da magana gamammiya. Abin da muke faɗa shi ne, "Ranka ya daɗe, shawara muka kawo, ba mu yanke komai ba." Shi zai kira taron, a ƙofar gidansa, bayan La'asar.

Taron mata a yi shi daban, a makarantar Islamiyya ko cikin wani gida, domin a gaban maza yawancinsu ba za su buɗe baki ba. A karonmu na biyu maza fitila suke so. Matan suka ce su kam kwatar da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ce damuwarsu, kusan kowa tana da labarin takalmin da ruwa ya tafi da shi. Muka jera kwanuka huɗu, kowanne da sunan aiki, aka ba kowane babba ƙwayar wake ɗaya ya jefa. Kwata ta yi rinjaye, kuma babu wanda ya ce an yi masa maguɗi, don a gabansa aka ƙirga waken.

A rubuta sunan duk wanda ya halarta, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto. Wannan takardar ita ce ta farko da mai ba da tallafi zai nema, don ita ke nuna aikin na jama'a ne, ba na mutum uku masu baki ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar dala ba gammo. Kwarin da ya riga ya ci gidaje ya fi ƙarfin ƙaramin tallafi. Wannan aikin gwamnati ne da shiri irin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ke tallafawa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku kai musu koke a rubuce, ku kuma ku zaɓi abin da za ku iya gamawa cikin wata uku.

2. Kwamiti

Mutum bakwai zuwa tara sun isa: shugaba, sakatare, ma'aji, mai binciken lissafi, mai sayayya, da masu sa ido a wurin aiki. Kada mutum biyu su fito daga gida ɗaya. Mai unguwa uba ne, kada ku sa shi shugaba ko mai sa hannu a banki, domin ranar da rigima ta tashi gunsa za a kai ƙara. A sa mata aƙalla biyu, da muƙami na gaske. Ma'ajinmu uwar adashi ce, ta shekara tana riƙon kuɗin mutane ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma ta fi mu duka iya cewa a'a.

3. Rajista da asusun banki

Ku rubuta tsarin mulki gajere, shafi biyu ko uku: sunan ƙungiya, manufa, yadda ake zaɓen shugabanni, wa ke taɓa kuɗi. Ku kai sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma a yi muku rajista. Kafin nan ku tabbatar da ƙaramar hukumar da kuke ciki. Gari ya faɗaɗa ya tsallake iyaka. Mutumin Tumfure yana ganin kansa ɗan Gombe, alhali a takarda Akko yake. Takardar da aka kai ofishin da ba nata ba kwanciya take yi.

Rajistar ƙaramar hukuma ta wadatar ga yawancin tallafin cikin jiha. Ofisoshin jakadanci da manyan gidauniyoyi kuwa sukan nemi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, wato wadda ake kira rajistar amintattu. Ita tana buƙatar sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi, ga kuɗin lauya. In ba ku da hali, ku jingina da wata ƙungiya mai rajista ta nema a madadinku, amma a rubuta yarjejeniya tun farko: kuɗin na wane aiki ne, wa ke sa hannu, nawa za ta riƙe na ɗawainiya.

A banki za a nemi takardar rajista, tsarin mulki, kwafin zaman da kuka amince a buɗe asusu, hotuna, da lambobin BVN da NIN na masu sa hannu. Wani bankin zai ƙara da takardar SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Ku sa mutum uku, kuɗi ba sa fita sai da hannun biyu, saƙon banki kuma ya riƙa shiga wayar mutum biyu. Kada kuɗin jama'a su kwana a asusun mutum ɗaya ko da limami ne. Ba zargi ba ne. Mutum yana iya rasuwa, magada kuma ba su san da zancen ba.

4. Awo da kiyasi

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ganganci.

In da hali ku fara tun damina. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ku fita da lema ku bi shi da ƙafa: ta ina ya shigo layin, ina ya taru, ina ya fita. Ku sa alama da gawayi a jikin katanga inda ya kai. Ku ɗauki hoto da bidiyo. Hoton yaro tsaye ruwa ya kai masa gwiwa ya fi shafi biyar na bayani.

Sannan ku auna tsawo da tef, ku gwada gangara da tiyo. Mutum biyu su riƙe bakunan tiyon a jikin sanduna biyu, tazarar mita goma. Ruwan da ke ciki kullum a daidai yake tsayawa, don haka bambancin tsayinsa daga ƙasa a sandunan biyu shi ne gangarar wurin. Magudanar da ba ta da gangara tafkin sauro ce kuka gina da kuɗinku.

Ga yadda ake fitar da siminti. A ce tsawon mita 60 ne, faɗin ciki santimita 60, zurfi 60, kaurin bango da na ƙasa 15. A lissafin mita, daɓen ƙasa (faɗin ciki da kaurin bango biyu) zai zama 0.9 sau 0.15, wato 0.135. Bango biyu, 2 sau 0.6 sau 0.15, wato 0.18. A haɗa, 0.315, a ninka da 60, an sami kusan mita kubik 19 na kankare. Haɗin da ake yi na siminti, yashi da tsakuwa shi ne 1:2:4. Buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne na leburori, ke nan buhu ɗaya yana ɗaukar yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Kowace mita kubik ɗaya ta kankare tana cin buhu shida da ɗoriya, don haka aikin nan zai lashe wajen buhu 120. Magini ya ce muku 200, ku tambaye shi ina sauran za su shiga. Ya ce 70 sun isa, shi ma ku ji tsoronsa.

A kan wannan sai rodi, wayar ɗauri, katakon shata da ƙusa, tifar yashi da ta tsakuwa, ruwa, haƙa, kwashe ƙasar da aka haƙo, da ladan magini da kafinta. Kada ku manta da murfin ƙofar gidaje. Mu mun manta. Aka gama gini tsaf sai muka ga ƙofa goma sha huɗu ba ta inda mai babur zai shiga gidansa, muka koma bara a karo na biyu.

Ku karɓo farashi a rubuce daga shago uku, kowanne da hatimi da kwanan wata. Ku ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, ku rubuta shi a fili da sunansa. Wanda ya yi kiyasi a ƙarshen 2023 aka ba shi kuɗi a farkon 2024 ya ga yadda siminti ya yi tashin gwauron zabo cikin 'yan makonni. Daga ƙarshe ku kai wa injiniya a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya duba ya sa hannu.

In kuɗin da ake bayarwa ba za su kai ba, akwai hanya biyu. Ko a yi bango da bulo mai inci tara a cika ramukansa da kankare, ko a jera dutse da siminti inda dutse ke kusa. In kuma tsawon za a rage, a fara daga ƙasa inda ruwa ke fita a hauro sama. Wanda ya fara daga sama ya tsaya a tsakiya ya tara wa na ƙasa da shi ruwa ne kawai.

5. Ina ruwan zai faɗa?

Magudanarmu ta farko ta ƙare a kwanar layi, muka ce ai daga nan ruwa ya san hanya. Ya kuwa sani. Ruwan farko mai ƙarfi ya fito da gudu ya daki gindin katangar wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kafin asuba rabinta ta kwanta. Da na je da safe na same ta zaune kan turmi tana kallon akuyoyinta a titi. Ban gama gaisuwa ba ta ce, "Ɗana, ku kun huta, ni kuka kawo wa." Na ce, "Inna, laifinmu ne." Daga aljihunmu muka tayar da katangar, don babu layinta a kiyasi.

Saboda haka kafin a sara ƙasa, ku tabbatar bakin magudanar ya shiga wata babbar magudana ko hanyar ruwa ta asali, a kuma daɓe wurin da dutse don kada ya fara sabon kwari. Ku zauna da mutanen layin ƙasa da ku. Ku sanar da hukumar tsara birane, ku tambayi inda bututun ruwan famfo ya bi. In aikin burtsatse ne ko aji, filin da za a yi shi ya zama da takardar kyauta ko waƙafi, mai filin da magadansa da mai unguwa duk sun sa hannu. "Na ba ku" ta baki tana mutuwa tare da mai ita.

6. Ku tara naku kason

Da wuya a ba ku ɗari bisa ɗari. A shirin CSDP na ayyukan raya al'umma da aka fara a 2009, ƙa'idar da aka bi a lokacin ita ce al'umma ta kawo kashi 10 cikin 100, kuɗi ko kayan aiki ko ƙarfin jiki. Aikin gayya ma kuɗi ne: matasa ashirin suka yi kwana uku suna haƙa, ku rubuta sunayensu, ku lissafa da ladan lebura na yini. Karo-karo kuwa a yanka wa kowane gida daidai ƙarfinsa, a ba shi rasit ko naira ɗari biyu ya bayar. 'Yan unguwa da ke Abuja ko Legas a tura musu hoton ruwan nan ta WhatsApp tare da lambar asusun ƙungiya.

Ku share wuri, ku yashe tsohuwar kwata, amma kada ku fara zuba kankare kafin a amince. Yawancin masu tallafi ba sa biyan abin da aka riga aka kashe.

7. Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Ta farko hukumar CSDA ta jiha, wadda aka kafa musamman don irin wannan aiki. Ita ta gudanar da CSDP, ta hannunta kuma ƙananan ayyukan al'umma na shirin NG-CARES na farfaɗowa daga annobar korona suka bi, wanda a Gombe ake ce wa GO-CARES. Takarda takan bi ta ƙaramar hukuma kafin ta isa can. Ku je da ƙafarku ku tambayi ko ana karɓa a bana da irin ayyukan da ake ɗauka, don shiri yana buɗewa yana rufewa. Ofishin jakadancin Japan a Abuja yana da tallafin ƙananan ayyukan al'umma, sai dai yana son ƙungiya mai rajista da tarihin aiki, komai kuma da Turanci. Akwai kansila da 'yan majalisa, akwai bankuna da kamfanonin da ke maƙwabtaka da ku, akwai attajirin da ke neman sadaka mai gudana. Na ɗan siyasa ku karɓa da godiya, amma ku roƙa ya kawo siminti maimakon kuɗi, kuma kada a shafa wa aikin fentin jam'iyya. Rabin unguwa za su janye hannu.

Duk wanda ya ce ku biya kuɗin fom ta asusunsa, ko ya nemi lambar sirrin da banki ya turo muku, ɗan damfara ne. Wanda ya ce zai fito muku da kuɗin amma a ba shi kasonsa, ku tuna ku ne za ku sa hannu a kan cikakken adadin, ku za a tambaya.

8. Takardar kanta

Shafi biyu, sauran duk rataye ne. Ku faɗi su wane ne ku, matsalar, abin da kuka riga kuka yi, abin da kuke nema, da wanda zai kula da aikin bayan an gama. A bar dogon kirari. Maimakon "al'ummarmu na cikin mawuyacin hali", ku rubuta adadin gidajen da ke layin, katanga nawa ta faɗi bara, kwana nawa yara suka rasa makaranta, kuma ya zama kun ƙirga da gaske, don za a zo a duba. In Turanci ake so, ku fara rubutawa da Hausa a karanta wa kwamiti, sannan malamin makaranta ya juya.

Ku rataya takardar halartar taro, rajista, kiyasi, farashin shaguna uku, hotuna, takardar banki mai nuna kasonku, da wasiƙar mai unguwa. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Duk mako biyu mutum ɗaya ya leƙa, da fara'a. In an hana ku, ku tambayi dalili. Mu sau ɗaya abin da ya kayar da mu bai wuce sunan ƙungiya da ya bambanta da harafi ɗaya tsakanin rajista da banki ba.

9. Ranar da za su zo dubawa

Ba a yanka rago, ba a haya makaɗa. Ruwan sha da tabarma sun isa. Ku kai su wurin, ku buɗe littattafai. Za su ja wata mata ko wani yaro gefe su tambaya wa ya zaɓi aikin. In matakin farko da gaske kuka yi shi, ba ku da abin koya wa kowa.

10. Kuɗi sun shigo

Yawanci kashi-kashi ake bayarwa, ba a sakin na biyu sai an ga lissafin na farko. Ku sanar da adadin a masallaci da coci da taron mata a ranar da ya shigo, ku kafa allo a bakin aiki mai ɗauke da shi. Jita-jita a duhu take girma.

Lokacin gini rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, amma ku shirya ruwa, don a Gombe shi ma saye ake yi. Siminti a saye shi kaɗan-kaɗan, a jera kan katako nesa da bango, makulli a hannun wanda ba shi ke sayayya ba. Kowace safiya a rubuta buhu nawa ya fita, da yamma a ƙirga buhunan da aka zazzage. Mai sa ido ya tsaya kan masu kwaɓi yana ƙirga kwano, domin da ya juya baya huɗu ke zama shida. Yashi mai laka a mayar da shi. Ku damƙa a hannu, in ya bar jan shafi a tafinku bai yi ba. Bayan an zuba kankare a riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, a rufe da tsofaffin buhuna. Iskar hunturu tana busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Murfin da mota za ta taka a bar shi ya cika kwana 28.

In dole ta sa za a canza wani abu a tsarin, ku rubuta wa masu tallafin ku jira amsa. Kuɗin magudana ba a gyara masallaci da su, komai kyawun niyya.

11. Lissafi

Kowace naira da takardarta. Mai tifa da 'yan garuwa ba su da rasit, don haka ku rubuta musu a naku su sa hannu, da lambar waya. Rasit ɗin na'urar POS yana gogewa cikin 'yan watanni, a yi masa hoto a ranar. Rahoton ƙarshe shafi ɗaya ne da jadawalin abin da aka karɓa da abin da aka kashe, sai hotuna na kafin aiki, ana cikin yi, da bayan an gama, duk daga wuri ɗaya aka tsaya aka ɗauka. In canji ya ragu, ku faɗa, ku nemi izni kafin ku taɓa. Sannan a koma ƙofar mai unguwa inda aka jefa wake, ma'aji ta karanta lissafin layi-layi, mai tambaya ya yi.

12. Bayan an watse

Ku raba magudanar gida-gida, kowa da gabansa. Gayyar yashewa a yi ta a Afrilu kafin ruwan farko, a sake a tsakiyar damina, ƙasar da aka kwaso kuma a ɗauke ta a ranar, in ba haka ba ruwa ɗaya zai mayar da ita. A ci gaba da karɓar ɗan abin wata-wata don liƙe tsaga tun tana ƙarama. Fayil ɗin nan na roba kuwa a yi masa kwafi, ɗaya gun sakatare, ɗaya gun mai unguwa, a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye a waya biyu. A fom na gaba akwai layin da ke tambayar aikin da kuka taɓa yi da wanda ya ba ku kuɗinsa, kuma za su so ganin rasit.